Motar Zamani da Hatsarin 'Yan Kutse: Abin da Ya Kamata Mai Mota Ya Sani

An shirya wannan ɗan littafi ne domin a faɗakar da jama'ar ƙasar nan, musamman masu motoci da direbobi da makanikai da dillalan motoci, game da wani hatsari da ya zo tare da motocin zamani. Hatsarin kuwa shi ne, mutumin da ba ya cikin mota, bai kuma riƙe maƙullinta ba, yana iya buɗe ta, ko ya kashe injinta, ko ya san duk inda ta kwana, ta hanyar kwamfuta ko wayar hannu. Masu shiga cikin na'urorin mutane ba da izini ba su ake kira 'yan kutse. Da farko bankuna da ofisoshi suka fi addaba, amma tun da mota ta soma magana da intanet ita ma ta shiga cikin abin da hannunsu ke iya kaiwa gare shi.

Yadda mota ta koma kwamfuta

Dattawa za su tuna da Fijo 504 wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna cikin shekarar 1975. A irin wannan mota, idan direba ya taka totur, wata wayar ƙarfe ce ke jan kafireto. Idan ya taka burki, ƙarfin ƙafarsa ne ke tura mai zuwa ga tayoyi. Duk wanda ke nufin motar da sharri tilas ya zo da kansa, ya taɓa ta da hannunsa.

Motar yau ba haka take ba. Abin da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota ba guda ɗaya ba ne. A cikin mota ɗaya akwai ƙananan kwamfutoci masu yawa, daga kamar 30 har zuwa sama da 100 a manyan motocin alfarma. Wata tana kula da inji, wata da giya, wata da burki, wata da ƙofofi da fitilu, wata kuma da rediyo da allon da ke gaban direba. Idan direba ya taka totur, saƙo ne ke tafiya zuwa ga kwamfutar inji, ita kuma ta ƙara mai.

Waɗannan kwamfutoci suna aika wa juna saƙo ta kan wata hanyar waya da ake kira CAN, wadda kamfanin Bosch na ƙasar Jamus ya fito da ita a shekarar 1986. A nan tushen matsalar yake, don haka ya kamata mai karatu ya lura da kyau. Saƙon da ke bin wannan waya ba ya ɗauke da sa hannu ko hatimin wanda ya aiko shi. Kamar wani gida ne inda duk wanda ya ɗaga murya daga zaure ya ce a buɗe rumbu, sai a buɗe, ba mai tambayar ko muryar maigida ce. Injiniyoyin da suka tsara ta ba su yi sakaci ba, domin a zamaninsu ba baƙon da ke iya shiga zauren. Daga baya ne aka yi ta huda wa gidan ƙofofi. Tun daga 1996 doka ta tilasta wa kowace mota da za a sayar a Amurka ta kasance da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari, mai ramuka 16, inda bakanike ke jona na'urarsa ya ga ciwon mota. Sa'an nan aka kawo Bluetooth domin haɗa waya da rediyo, aka kawo Wi-Fi, daga bisani kuma aka sa wa motar layin waya nata na kanta, wanda take magana da kamfanin da ya ƙera ta dare da rana.

Abin da ya faru a St. Louis

Masana na jami'ar Washington da ta Kalifoniya da ke San Diego sun nuna tun a 2010 da 2011 cewa ana iya shiga kwamfutocin mota ta layin wayarta, ko ta Bluetooth, ko ma ta faifan waƙa da aka sa wa wata ɓoyayyiyar manhaja. Amma ba su faɗi sunan motar da suka gwada ba a lokacin, kuma maganar ba ta wuce zauren malamai ba sosai.

Abin da ya farkar da duniya ya auku ne a watan Yuli na 2015 a birnin St. Louis na Amurka. Wasu masana biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka shirya da wani ɗan jarida na mujallar Wired mai suna Andy Greenberg cewa ya hau babbar hanya da wata Jeep Cherokee ƙirar 2014, su kuwa suna zaune a gida, kimanin mil 10 daga inda yake. Yana cikin gudun mil 70 a sa'a, watau kamar kilomita 110, sai na'urar sanyaya mota ta kama da kanta. Rediyo ya sauya tasha, ya ƙure murya. Abin goge gilashi ya shiga aiki, ruwa ya rufe masa gani. Daga nan suka katse giya. Yana taka totur inji na ƙara, mota kuwa sai rage gudu take yi, ga babbar motar kaya tana tahowa a bayansa. Bayan haka, a wani fili inda ake tafiya a hankali, suka kashe masa burki, motar ta gangara cikin rami.

Ta yaya suka yi? Rediyon motar, mai suna Uconnect, yana haɗe da layin kamfanin waya na Sprint, kuma an bar wata ƙofa tasa a buɗe ba tare da kalmar sirri ba. Ta nan suka shiga. Daga rediyon suka sake rubuta umarnin wata 'yar ƙaramar na'ura wadda ke tsakanin rediyo da wayar CAN, da wannan kuwa suka sami damar yin magana da giya da burki kamar su ne direba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, duk mai waya a kan layin Sprint yana iya laluben irin waɗannan motoci a ko'ina cikin Amurka. Cikin 'yan kwanaki kamfanin Fiat Chrysler ya yi kiran motoci miliyan 1.4 domin gyara, ya aika wa masu su filash ta gidan waya, kamfanin Sprint kuma ya toshe ƙofar. A watan Maris na 2016 hukumar FBI da hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka suka fitar da gargaɗi ga jama'a kan wannan batu.

Ba Jeep kaɗai ba ce. A farkon 2015 ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta gano cewa ana iya buɗe ƙofofin motocin BMW da Mini da Rolls-Royce kimanin miliyan 2.2 ta layin wayarsu. A 2016 wani masani a Ostireliya ya kunna na'urar ɗumama wata Nissan Leaf da ke Ingila, ba da komai ba sai lambar jikin motar, wadda kowa ke iya karantawa ta gilashin gaba. A shekarar dai, masanan kamfanin Tencent na ƙasar Sin suka taka burkin wata Tesla daga nisan mil 12, kamfanin Tesla kuwa ya aika da gyara ta intanet cikin kwana 10.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, don kada tsoro ya wuce kima. Duk waɗannan masu bincike ne suka yi su, kuma sun sanar da kamfanonin domin a gyara. Ƙwace sitiyari ko burki daga nesa aiki ne mai wuya, ba ya kuma kawo wa ɓarawo ko kwabo. Abin da mugu ke nema shi ne motar kanta, ko labarin inda mai ita yake. Can ne hatsarin yau da kullum yake.

Asirin mai mota a hannun kamfani

Motar da ke haɗe da intanet tana aika wa kamfaninta rahoton inda ta je, da lokacin da ta tashi, da inda ta tsaya. Saboda haka ɗan kutse ba sai ya wahala da motar ba, kwamfutocin kamfanin yake nufa. A 2024 wani masani mai suna Sam Curry da abokan aikinsa suka gano cewa ta shafin dillalan Kia, da lambar mota kawai, cikin kamar daƙiƙa 30 suna iya sanin inda motar take, su buɗe ta, su tayar da ita, su kuma ga sunan mai ita da adireshinsa. A ƙarshen shekarar suka sami irin wannan ɓaraka a kamfanin Subaru, inda suka ga tarihin tafiye-tafiyen mota na shekara guda cur. An toshe dukkan biyun. Kafin wannan, a 2023, kamfanin Toyota ya amsa cewa bayanan wuraren da motocin abokan cinikinsa miliyan 2.15 a Japan suka bi sun zauna a buɗe kusan shekara 10. A Disamban 2024 kuma aka gano bayanan motocin lantarki kimanin 800,000 na rukunin Volkswagen a irin wannan hali.

Wanda ya ga tafiye-tafiyen mota na wata guda ya san gidan mai ita, da makarantar 'ya'yansa, da ranar da yake tafiya kasuwa, da hanyar da yake bi. A ƙasar da ke fama da masu garkuwa da mutane, ba sai an yi dogon bayani kan abin da wannan ke nufi ba.

Inda abin ya fi shafar mu

Galibin motocin da ke kan titunanmu na hannu ne, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam. Da yawa daga cikin waɗanda suka fito daga Amurka layin da ke jikinsu na kamfanonin waya na can ne, ba ya aiki a nan. Wannan ya rage hatsarin ta wani gefe. Amma mu da kanmu muke haɗa motocinmu da intanet ta wata hanya dabam, watau tiraka.

Tiraka wata 'yar na'ura ce da ɗan rewaya ke ɓoyewa a jikin mota, da layin waya a cikinta. Tana nuna wa mai mota inda motarsa take, yawancinsu kuma an jona su da famfon mai, ta yadda idan an sace motar zai aika saƙo ta mutu. Masu motocin haya da kamfanonin sufuri da masu ba da Keke Napep bashi duk sun dogara da ita, kuma ba shakka ta dawo wa mutane da dukiyarsu. Sai dai duk abin da mai mota ke iya yi da ita, wanda ya sami kalmar sirrinsa shi ma yana iya yi. A 2019 wani ɗan kutse ya shiga asusun mutane fiye da 27,000 masu amfani da manhajojin iTrack da ProTrack, a ƙasashen da suka haɗa da Afirka ta Kudu da Maroko da Indiya. Ba wata gwaninta ya nuna ba. Kamfanonin suna ba kowane sabon mai saye kalmar sirri iri ɗaya, 123456, mutane kuwa ba su sauya ba. A watan Yuli na 2022 hukumar tsaron intanet ta Amurka ta yi gargaɗi game da wata tiraka mai araha ƙirar MiCODUS MV720, bayan kamfanin BitSight ya gano cewa ana iya bin sawun mota da ita, a kuma yanke mata mai tana cikin tafiya. An ƙiyasta na'urorin wannan kamfani sun kai miliyan 1.5 a ƙasashe 169. Mai karatu ya auna a ransa abin da zai faru idan aka yanke wa bas mai fasinja 18 mai, direba yana tsakiyar wuce tirela.

Wani lokaci ma ba baƙo ne ke yin ɓarnar ba. A 2010, a birnin Austin na jihar Texas, wani kamfanin sayar da motoci bashi ya sallami ma'aikacinsa. Kamfanin yana sa wa motocin na'urar da ke hana su tashi idan mai saye ya ƙi biya. Wanda aka sallama ya shiga da asusun wani abokin aikinsa, ya hana motoci sama da 100 tashi, wasu kuma ya sa suka yi ta hon da tsakar dare. Don haka mai mota ya tambayi kansa: ban da ni, wa ya san kalmar sirrin tirakata? Wanda ya sa mini ita fa, har yanzu yana ganin motata a wayarsa?

Sai kuma maƙulli. Motocin da ake tayarwa da danna maɓalli suna gane maƙullinsu ne ta wata siginar rediyo mai gajeren zango. Ɓarayi biyu kan zo da dare, ɗaya ya tsaya jikin bangon gida da na'urar da ke kamo siginar maƙullin da ke rataye a ciki, ɗayan ya tsaya jikin mota da na'urar da ke karɓa. Mota ta ɗauka maƙulli na kusa, ta buɗe, ta tashi. A 2017 'yan sandan West Midlands a Ingila sun nuna hoton bidiyon da aka sace wata Marsandi ta wannan hanya cikin kamar minti ɗaya. A watan Mayu na 2022 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta gargaɗi 'yan Nijeriya game da wata dabara makamanciyar wannan, inda ake naɗe siginar rimot lokacin da mai mota ya danna, a sake kunna ta daga baya, abin da ya shafi wasu motocin Honda da Acura. A London kuwa, a 2022, an sace wata Toyota RAV4 bayan ɓarayi sun ɓalle bambar gaba, suka cire wayar fitila, suka jona wata na'ura da aka ɓoye cikin 'yar lasifika, ta aika wa motar saƙon ƙarya cewa maƙulli ya iso. Wannan shi ne raunin wayar CAN da aka bayyana tun farko.

Wani ɓangare na motocin da ake sacewa a ƙasashen waje yana ƙarewa ne a tashoshin jiragen ruwa na Afirka ta Yamma. A watan Satumba na 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka shigo da su Nijeriya. Wanda ya sayi irin wannan mota, ko da bai sani ba, zai iya rasa motar ya kuma rasa kuɗinsa.

Abin da doka ta tanada

Ƙasashen da ke ƙera motoci sun soma ɗaure kamfanoni. A 2020 wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idoji masu lamba 155 da 156, waɗanda suka wajabta wa mai ƙera mota ya nuna yadda zai kare ta daga kutse da yadda zai riƙa sabunta manhajarta. Tun daga Yulin 2024 ba a sayar da sabuwar mota a Tarayyar Turai sai ta cika wannan sharaɗi. Amma ƙa'idar ba ta koma baya ta gyara motar da aka ƙera shekara 10 da suka wuce ba, irinta kuwa ita ce ke zuwa mana.

A nan gida, Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba da nufin zamba, hukuncin kuwa yana iya kai ɗaurin shekara 5, ko tarar naira miliyan 5, ko duka biyu. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ita ma ta ɗora wa duk kamfanin da ke tara bayanan mutane, har da masu sayar da tiraka, nauyin tsare su.

Abin da mai mota zai yi

Abu na farko, kuma mafi sauƙi, shi ne sauya kalmar sirrin tiraka a ranar da aka sa ta, mai mota ya yi da hannunsa bayan ɗan rewaya ya tafi. Kada ya sa shekarar haihuwarsa ko lambar motarsa ko ƙarshen lambar wayarsa. Layin da ke cikin tirakar ya kasance da sunansa aka yi masa rajista. Mai motoci da yawa kuwa, duk ranar da ya rabu da direba ko manaja, to a ranar ya sauya, kada ya bari sai gobe. Tiraka mai arha wadda ba a san kamfaninta ba, ba kuma wanda za a kama idan ta ba da matsala, gara a sa ta don ganin inda mota take kawai, kada a jona ta da famfon mai.

Wanda ya sayi motar hannu yana da ƙarin aiki. A 2017 wani masani na kamfanin IBM, Charles Henderson, ya bayyana cewa shekaru bayan ya rabu da motarsa manhajar da ke wayarsa tana nan tana nuna masa inda take, yana kuma iya buɗe ta. Saboda haka a goge duk wayoyin da aka taɓa haɗawa da rediyon, a mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, a sa amintaccen ɗan rewaya ya duba ko akwai tsohuwar tiraka a ɓoye, a kuma tambayi maƙullai nawa motar ta sani, domin ana iya soke wanda ba ya hannu. Kafin a biya kuɗi a karanta lambar jikin motar, mai haruffa da lambobi 17, a tabbatar ta yi daidai da ta takardun kwastan. Da wannan lamba ana iya dubawa kyauta a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ko kamfani ya taɓa kiran motar domin gyara ba a kai ta ba. Masu Jeep da Dodge da Chrysler da Ram ƙirar 2013 zuwa 2015 su suka fi bukatar yin haka. Mai sayar da motarsa shi ma ya goge lambobin waya da adireshin gidansa daga allon kafin ya miƙa maƙulli.

Da dare kada a rataye maƙullin mota kusa da ƙofa ko taga. A sa shi cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, sa'an nan a gwada: a je jikin motar da gwangwanin a rufe, idan ta ƙi buɗewa to ya yi aiki. Idan an danna rimot a kasuwa ko a masallaci, a ja hannun ƙofa a tabbatar ta kulle, domin akwai na'urar da ke toshe siginar. Tsohon ƙarfen kulle sitiyari da na feda, waɗanda wasu suka raina, har yanzu suna ɓata wa ɓarawo lokaci, ba kuma kwamfutar da ke buɗe su.

Makanikai da 'yan rewaya su ma amana ce a hannunsu. Kwamfutar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, idan cike take da manhajojin sata da aka sauko da su daga inda ba a sani ba, tana iya ɗaukar cuta daga mota zuwa mota. Kada kuma a yanka wa kowa sabon maƙulli sai ya nuna takardun mallaka.

Idan mota ta soma yin abin da direba bai sa ta ba tana cikin tafiya, ya kunna fitilun gargaɗi, ya gangara gefen hanya a hankali, ya kashe ta. Sau da yawa laifin waya ne ko batir, amma a bar gwani ya duba. Wanda ya ga alamar wani ya shiga asusun tirakarsa, ko ana bin sawunsa, ya sauya kalmar sirri nan take, ya ajiye saƙonnin da ya gani a wayarsa a matsayin shaida, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa ko Cibiyar Yaƙi da Laifukan Intanet ta Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya da ke Abuja.